Sitiyarin Yatsa Ɗaya

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Kallamu. Ku da ba ku san shi ba, Allah ya hutar da kunnuwanku. Dillalin filaye ne, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kwatano, shi ma rakiya ya yi wa wani mai sayo motoci, yana riƙe masa jaka. Tun daga nan muka shiga uku a majalisa. Ko zancen kunun tsamiya ake yi, sai ya gyara zama ya ce, "Ai mu da muka zauna a Kwatano..."

Ga cika baki, ga maƙo. Ban taɓa ganin motarsa a gidan mai ba. Wurin 'yan bumburutu yake tsayawa a bakin titi, a zuba masa kwalba guda, yana tsaye a kan mai zubawar yana cewa a girgiza, akwai saura a gindi. Kuma yana da wani hali tun zamanin da yake kan babur. Duk inda ya ga gangara, ko da tsawonta bai wuce tabarma ba, sai ya murɗa makulli ya kashe inji, abin hawa ya gangara da kansa, wai tsimin mai. Hannun ya riga ya saba, ba ya ma neman izinin ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Ana nan sai kawunsa ya rasu, ya bar masa wata tsohuwar fijo, irin ta zamanin da ake sayen mota a yi ta hawa har jikoki. Doguwa ce, mai ƙafafu kamar na raƙumi. Ta yi dakon gyaɗa, ta ratsa rafuka, ba ta taɓa cewa wayyo ba. Mai hankali wanke ta zai yi, ya yi wa mamaci addu'a, ya ci gaba da hawa. To, amma ba Kallamu ba. Shi ya gani a waya yadda turawa ke kwantar da tsofaffin motoci, ciki yana shafar ƙasa, sai ya ce ai wannan shi ne wayewa.

"Mota mai daraja ba ta tsayawa ƙerere kamar ta 'yan kasuwar ƙauye," in ji shi. "Kwanciya take yi. Ku ba ku fita waje ba, ba za ku gane ba."

Ya kai ta wurin mai walda, ya sa aka yanke mata sifirin gaba da baya. Ya cire tayoyinta sirara, ya sa wasu faffaɗa, kowace kamar turmi. Ranar da ta dawo unguwa, wallahi tausayi ta ba ni. Da can akuya kan shige ƙarƙashinta ta sha inuwa. Yanzu ko kyankyaso sai ya sunkuya.

Sai ga matsala ta ɓullo. Da ma sitiyarin irin waɗannan motoci ƙarfin damtse yake so. Da aka kwantar da ita, aka ƙara mata waɗannan turamen, sai ya zama kamar an kafe shi da siminti. In Kallamu zai sha kwanar majalisarmu, sai ka ga ya ɗaga daga kujera, ya cije leɓe, jijiyoyin wuya sun miƙe, yana nishi kamar mai ɗaga buhun gero. Ya fito sharkaf da gumi.

"Kallamu, dambe aka yi ko kokawa?" wani ya tambaye shi.

"Motsa jiki ne," ya ce yana haki. "Likitocin Kwatano ma shi suke ba da shawara."

Da a kanmu abin ya tsaya, da sai ya yi ta haƙuri da guminsa. Amma akwai Zulai. Bazawara ce, mace mai hankali da abin hannunta, tana da gidan kaji a bayan gari. Kallamu ya mutu a kanta. Shi ma wani manomi daga ƙauyen mahaifinta, Tanimu, yana nema, mutum ne mai shanun huɗa guda biyu da ƙarancin magana. Zulai ta ce ita ta taɓa zaɓa da kanta ta ga yadda aka ƙare, wannan karon mahaifinta, Alhaji Jatau, ya duba mata wanda ya fi natsuwa. Kallamu ko a jikinsa. Ya ce shi a haɗa shi takara da mai bin gindin shanu ma cin fuska ne.

To, rannan ya je zance, ya zo juya mota a ƙofar gidansu Zulai. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi nishi, hula ta faɗi. Zulai na tsaye a bakin zaure ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ya gama ta aiko masa da ruwa a kofi da tsumman goge fuska. Wannan tsumma shi ya hana Kallamu barci.

Ya ɓace mana na ɗan lokaci. Ashe yana kasuwar 'yan gwangwan yana tonon kayan matattun motoci. Ya samo kayan sitiyarin pawa, wato irin wanda inji ke taimaka wa direba juyawa, daga jikin wata bas da ta yi hatsari. Shi da wani bakanike suka yi ta yanka, suna liƙawa, suna ɗaure wani wurin da waya. Mu dai muna zaune muna jiran ranar dariya.

Abin haushi, sai abin ya yi aiki.

Ya iso majalisa da yamma, ya sha kwanar nan da ɗan yatsa guda, sumul, ko gira bai ɗaga ba. Ya fito yana taku ɗai-ɗai. Ya karɓi tsinken tsire a hannun wani, ya tsuguna, ya fara yi mana zane a ƙasa kamar 'yan aji ɗaya.

"Ku matso, ilimi kyauta ne yau. Inji shi ke juya bel. Bel ya juya famfo. Famfo ya tura mai cikin tiyo. Man nan shi ke juya taya, ba ni ba. Ni umarni kawai nake bayarwa. Muddin inji na numfashi, yatsa ɗaya ya isa."

Na ce, "To in injin ya mutu fa?"

"Sai ya koma dutse, ya fi da tauri ma." Ya dube ni sheƙeƙe. "Amma wa zai kashe inji yana cikin tafiya in ba jahili ba?"

Da bakinsa ya faɗa, a gaban shaidu. Garinmu kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, babu gangara ko ta magani, don haka ba abin da ya tuna masa da halinsa.

Daga ranar muka rasa sakat. Ya saya wa yatsan zobe mai jan dutse. In zai gaisa da mutum sai ya ɗan janye shi gefe, wai kada a murɗe masa kayan aiki. Ko shayi zai sha, yatsan na miƙe yana kallon sama. An ce in ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi, amma wa zai gaya wa Kallamu?

Sai ga dama ta samu. Za a ɗaura auren wata 'yar ƙanen Alhaji Jatau a ƙauyensu, Tungar Maje, kuma shi ne waliyyi. Aka ce in ya dawo daga can zai yanke maganar Zulai. Kallamu ya yi wuf ya je ya tsuguna, ya ce ai bai kamata Baba ya shiga motar haya ba alhali ga mota a gida. Da yake mai neman aure ba ya zama shi kaɗai da suruki, sai ya ce in raka shi. Na yarda. Ba don Allah ba, don shinkafar biki da kuma abin da idona zai gani.

Alhaji Jatau tsohon falken shanu ne, ƙato, mai nauyin jiki da nauyin baki. In ya yi maka kalma uku a yini, ka ci riba. Ya fito da hantsi cikin farar shadda, an buga ta tana ɗaukar ido, ga rawani, ga ƙamshin turare. Ya tsaya ya dubi motar daga gaba zuwa baya.

"Tayoyin ne suka sace?"

"A'a, Baba, haka ake yayinta yanzu."

"Uhm."

Shigarsa kaɗai aiki ce. Sai da ya durƙusa kamar zai gai da sarki, ya tura ƙafa, ya tura kafaɗa, ni ina tattara masa riga ta baya. Da ya zauna, motar ta ce ƙiiii, ta ƙara yin ƙasa. Gwiwoyinsa suka zo daidai haɓarsa.

Muka kama hanya. Kun san mutanenmu da gina tudun siminti a titi don masu gudu, kowa da nasa a ƙofar gida. Duk tudun da muka tarar, sai Kallamu ya juyo ya ce in ɗan sauka. In fita, ya karkata motar, ya hau a gicciye, ciki na ƙara ƙurrr, salansa na tartsatsi, sannan in bi ta da gudu in shiga. Na sauka na hau har na daina sa takalmi. Shi kuwa ko kunya, sai juya sitiyari yake da yatsan nan mai zobe, yana satar kallon Alhaji.

"Baba, ka ga aikin ilimi ko? Da hannuna na haɗa."

"Na gani."

"Yatsa ɗaya, Baba. Daga nan har Kwatano."

"Hannu biyu dai ya fi, Malam Kallamu. Allah bai ba ka su don ado ba."

Nan ne baki ya yanka wuya. Kallamu ya yi dariya, ya bugi ƙirji da hannun da ba ya aiki.

"Baba, ga abokina nan shaida. In ka ga na ɗora hannu biyu a kan sitiyarin nan yau, kada ka ba ni Zulai. Na yafe."

Alhaji ya juyo da ƙyar ya dube ni. "Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"To."

Tungar Maje a cikin kwari take. In ka iso bakin garin, hanya sai ta sulala ƙasa, doguwar gangara mai tsakuwa. A ƙarshenta ta karya hagu zuwa ƙofar masallaci. In ba ka karya ba, abin da ke gabanka tafki ne, inda shanun garin ke shan ruwa suna yin abin da shanu ke yi. Daga sama muna hango taron ɗaurin aure, an shimfiɗa tabarmi, manyan riguna fari fat, kowa ya ɗago kai yana kallon wannan abu da ke rarrafowa.

Kallamu ya ga jama'a, kansa ya kumbura. Ya gyara hula. Ya ɗaga gwiwar hannu yadda kowa zai ga yatsa ɗaya ne a kan sitiyari. Gaban motar ya sunkuya, ta fara gangarawa.

Sabo turken wawa. Ina kallo, ɗaya hannun ya tafi da kansa, kamar ba a jikinsa yake ba, ya kama makulli. Ƙyat. Inji ya yi tsit.

"Ka ji shiru, Baba?" in ji shi, har da murmushi. "Haka muke tsimin mai. Ko ɗigo ba za ta sha ba har ƙasa."

Ni kuwa zanen nan na tsinken tsire ya faɗo mini a rai. Na buɗe baki, na tuna ana gaban suruki, na ce a hankali, "Kallamu, famfo."

"Wane famfo? In ƙishirwa kake ji, ka bari mu isa."

Motar na ƙara sauri, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashi. Kwana ta matso. Kallamu ya tura sitiyari da yatsa, cikin isa. Sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya sake turawa. Ko gezau. Ya danna da ƙarfi, sai na ji ƙas, yatsan ya lanƙwashe ta inda Allah bai yi shi ya lanƙwasa ba. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

A nan ne ya gane. Na ga ƙeyarsa ta jiƙe nan take. Ga tafki a gaba, ga Zulai a kan sitiyari. In ya kama da hannu biyu, ya rasa Zulai. In bai kama ba, ya shiga ruwa da surukin. Sai ya fara satar hanya. Ya ƙara yatsa na biyu. Ya ƙara na uku. Ya sa tafin hannu. Ya kawo gwiwar ƙafa ya tokare ta ƙasa.

Alhaji na kallonsa, ko ƙifta ido bai yi ba. "Yatsu nawa ke nan, Malam Kallamu?"

Kallamu ya taka birki. Birkin nan kuwa tun zamanin kawunsa sai an yi masa famfo kafin ya kama, kuma bai gyara ba, tunda birki ba abin da ake nuna wa mutane ba ne. Ƙafa ta tafi fus har ƙasa. Sai ga Kallamu ya watsar da alkawari, ya rungumi sitiyari da hannu biyu, da ƙirji, da haɓa, ya tashi tsaye yana nishin da ya fi na da. Tayoyin nan faffaɗa suka ɗan motsa kamar mai juyi a barci, suka ci gaba da miƙewa.

Dabarar tayar da inji ta zo masa, amma hannu duka biyu suna aiki. Ya juya, ido ya raina fata, ya daka wa Alhaji Jatau tsawa.

"Kai tsoho, murɗa makullin mana! Kallona kake yi?"

Jama'a, ni da ke baya sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ko sunansa ba ka iya faɗa, wanda kake cire takalmi tun daga bakin zaurensa. Alhaji ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Ni?"

Muka wuce kwana, muka wuce masallaci, muka wuce liman da ke ɗaga mana hannu. Agwagi suka watse, kwak kwak kwak. Sai ji kake ɓulum.

Abin takaicin, tafkin nan ba wani zurfi gare shi ba. Ga ɗan maraƙi can tsaye a tsakiya, ruwan bai kai masa ciki ba. Fijon nan a zamanin da take da ƙafafunta, ratsawa za ta yi ta fita ta ɗaya gefen, ta ce a kawo wani. Amma an kwantar da ita. Ta zauna daɓas a cikin laka, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofofi, kore shar, mai kauri, da gansakuka da kashin shanu. Ya hau ƙafa, ya hau kujera, ya sami farar shaddar waliyyi ya yi mata rini. Wani kwaɗo ya yi tsalle ya sauka a kan gwiwar Alhaji, ya zauna suna kallon juna.

Jama'a suka taru a bakin tafki, kowa na danne dariya. Sai wani tsoho ya kasa riƙewa, ya ce fuf. Shi ke nan, garin ya ɗauka. Har liman sai da ya rufe fuska da rawani.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Tanimu, mai bin gindin shanun nan, da ma yana cikin taron. Ya cire babbar rigarsa ya ajiye a kan tabarma, ya naɗe wando, ya shigo ruwan. Ya ɗan rusuna a bakin ƙofa ya ce, "Sannu, Baba." Ya kama Alhaji ya fito da shi a hankali har tudu, ya miƙa masa rigar tasa ya canza. Ni ba wanda ya kula da ni, na fito da takalmi a hannu.

Kallamu ya ƙi fitowa. Yana ta murɗa makulli, inji na cewa gur gur, yana tofar da ruwa. Ya leƙo ta taga yana gaya wa mutane wai ƙasar garin ce ba ta dace da motocin waje ba.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro, yana nan zaune cikin ruwa har ƙugu. Sannan Tanimu ya je gida ya koro shanunsa biyu, manya, da karkiya a wuya. Ya ɗaura igiya a bayan motar. Ya ce wa Kallamu, "Malam, ka saki sitiyarin kawai, kada ka wahala. Za su bi da ita."

Ya saƙala ɗan yatsa a igiyar hancin na dama, ya ce, "Haa." Shanu suka yunƙura. Laka ta ce cakwal, motar ta fito da baya tana zubar da ruwa ta ko'ina. Ya ɗan ja igiyar hagu, shanu suka karkata, motar ta bi. Ya ja dama, ta bi. Haka ya zagayo da ita har ƙofar masallaci, ya ajiye ta a gaban tabarmar manya. Kallamu na ciki, gansakuka a hula, yatsan nan mai zobe ya kumbura ya yi suntum, ya miƙe sama ya ƙi lanƙwasuwa.

Alhaji Jatau na zaune cikin rigar aro yana tauna goro. Ya kira Tanimu, ya ce masa a gaban kowa, "Ka turo magabatanka." Sannan ya tashi, ya tako har bakin tagar motar, ya sunkuya, ya daɗe yana duban Kallamu. Ranar ce na ji ya yi magana mafi tsawo a rayuwarsa.

"Malam Kallamu, na zaci ƙarya kake yi, ashe gaskiyarka ce. Na gani da idona, da yatsa ɗaya ake juya motar nan. Sai dai yatsan ba naka ba ne."